Lamba Ba Ta Son Jini

Makon jiya yaran asibiti suka zo kasuwar Illela da motarsu da akwatin ƙanƙararsu da wata bindigar allura da ake takawa da ƙafa. Kafin azahar sun yi wa mutanen da ni a da sai in yi wata guda ban gama da su ba. Ina zaune a rumfar mai goro ina kallo. Wani ya nuna musu ni, ya ce ga tsohon mai lambar agana can. Ɗaya daga cikinsu, mai agogo a hannu, ya zo ya gaishe ni a tsaye, ya ce, "Baba, ai ku kun huta a zamaninku. Ɗan karce hannu kawai a wuce."

Na ci gaba da tauna gorona. Amma maganar ta tsaya mini. Ga shi kuma tun da rediyo ta faɗi cewa Dogon Likita ya zama shugaban jami'a, mutane ke tare ni a hanya suna yi mini barka, sai ka ce ni aka naɗa. Ban san mai barka da gaske ba, ban san wanda yake so ya ga ko fuskata za ta sake ba. To bari in rubuta abin da na sani, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Sunansa na gaskiya ba zan sa ba. Ya zama babban mutum, yana da masu karanta masa takardu. Mu dai Dogon Likita muke ce masa.

Ni sunana Arzika, ɗan wanzami ne daga Araba. Tun ban kai tsawon jaki ba nake rataye da zabirar ubana. Ya koya mini aski, ya koya mini ƙaho, ya koya mini tsaga. Abu biyu yake nanata mini: hannu kada ya yi rawa, jini kuma ya fito. A wurin wanzami, jinin da ya fita shi ne ciwon da ya fita. Mutum zai zo da ciwon kai, ka tsaga masa a gefen goshi, ya ga baƙin jini a ƙasa, ya tashi yana cewa ya ji dama. A cikin wannan na tashi, ni da duk wanda na sani.

Shekarar da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Turawa, takarda ta zo wa hakimi daga Sakkwato, a nemo saurayin da ya san aska a koya masa lamba. Lamba ita ce 'yar shasshawar da ake yi a dantse don kada agana ta kama mutum. Agana kuwa, ku ba ku gan ta ba sai a fuskokin manya. Tana zuwa da zazzaɓi, ta feso ƙuraje tun daga ka har tafin ƙafa, wanda ta bari da rai ta bar shi da zanzana, wani ta tafi da idonsa. Ba wanda ya so ya ba da ɗansa aikin Nasara. Ubana ba ya shiri da hakimi, shi ya sa aka zaɓe ni. Haka na ɗauka a lokacin, har yanzu ma haka na ɗauka.

Aka haɗa ni da Malam Labbo, tsohon mai lamba, wanda wani Bature ya koya wa aikin tun farkon kafa ɗakin shan magani. Ranar farko ya buɗe mini akwatin gwangwani ya nuna mini kayan. Allura mai faɗin baki. 'Yar fitilar da ake ƙona bakin allurar a kanta bayan kowane mutum. Sabulu da auduga. Sai ruwan lamba, a cikin 'yan kwalabe sirara kamar karan alƙalami. Ruwa muke ce masa, amma ya fi kama da man shanu. Wannan ruwan shi ne sarkin aikin, kuma ba ya son zafi. Rana ta taɓa shi ya mutu, kai kuma ba za ka gane ya mutu ba, don kamanninsa ba sa sakewa. Sai mu naɗe kwalaben da jiƙaƙƙen tsumma, mu sa a ƙaramin tulu, mu rufe tulun da jiƙaƙƙen buhu, mu ɗora wa jaki. Duk rijiyar da muka isa sai mu sake jiƙa buhun. Ku da kuke da ƙanƙara ba ku san mene ne ka tsaya a bakin rijiya mai gaba ashirin ba, Fulani sun yi layi da shanu tun safe, kai kana roƙon guga guda don ka shayar da buhu. Na sha zagi da Fillanci har na iya shi.

Yadda ake yi kuwa, a wanke dantsen hagu da sabulu, a bar shi ya bushe. A ɗiga ruwan kamar ƙwayar gero. A karta ta cikinsa sau uku, gajeru, fata ta yi ja kawai. Mutum ya zauna a inuwa har wurin ya bushe. Ran kwana takwas a dawo a duba. In ta kama, za ka ga bororo mai rami a tsakiya kamar cibiya, hannun ya kumbura, mai shi ya yi ɗan zazzaɓi. In ya warke sai ya bar tabo zagayayye kamar anini, mai 'yan ramuka. Malam Labbo ya riƙe wuyan hannuna ya ce, "Karta za ka yi, ɗan wanzam, ba yanka ba. Lamba ba ta son jini."

Na ce, "Don mi, Malam?"

Ya ce, "Haka Bature yac ce."

Daga nan bai ƙara ba. Ni kuma na ce a raina, ashe Bature tsoron jini yake yi.

Mutanen da muke yi wa iri biyu ne. Akwai masu gudu. A lokacin tsofaffin da suka ga zuwan Nasara da idonsu suna nan da rai, sun ga yadda aka kafa duwatsu aka ce nan ƙasar Ingilishi, can ƙasar Faransa, gonar mutum guda ta rabu biyu. Su a wurinsu lamba ba magani ba ce, shaida ce irin ta shanu, don a san na wane Nasara ne kai. Fataken da ke ƙetarawa Ƙonni ba sa son a ga shaidar kowa a jikinsu. Mata kan ɓoye yara a rumbu. Wata in an matsa mata ta kawo ɗan, da ta juya bayan danga sai ta goge wurin da lemun tsami. Waɗannan aƙalla ka san inda suka tsaya. Iri na biyu su ne suka kai ni ƙasa: masu yarda su miƙo hannu, amma su raina aikin.

A Lafani na fara yi ni kaɗai. Malam Labbo yana gindin wata bishiya da layin mata, ni ina wata da layin maza. Na farko a layina wani ƙaton manomi ne, Nomau. Na wanke, na ɗiga, na karta sau uku yadda aka koya mini. Ya dubi hannunsa, ya dube ni.

"Ka ƙare?"

"Na ƙare."

"Mi kay yi? Ƙuda ma in ya sabka ya hi haka. Kai ba ɗan wanzamin Araba na ba? Ubanka yay yi mani tsaga sai da ƙasa tas sha. Wagga susa ta anka tara mu dominta, muna da aikin gona?"

Aka fashe da dariya. Na ga mutanen baya sun fara karkaɗe riguna suna zamewa. Na biyu da ya miƙo hannu, sai na danna allurar yadda hannuna ya saba da aska. Jini ya gangaro har gwiwar hannu. Mutumin ya ɗaga shi sama ya ce, "Yawwa! Ku komo, yaron ya tuna gidansu!" Suka dawo. Nomau kansa ya sake shiga layi ya ce a gyara masa. Ranar kaf mazan Lafani ba wanda ya tsere. Da muna ɗaure kaya Malam Labbo ya ce, "Yau dai mutane sun so ka." Idonsa ya riga ya fara hazo, bai ga abin da na yi ba. Ni kuma ban faɗa masa ba.

Bayan shekara biyu idon ya rufe, ya koma gida, aikin ya zama nawa. Ƙauyen da a da ake kwana uku ana farautar mutane, ni sai in gama shi a yini. Mata suna cewa hannun Arzika ya fi shiga, kuma nasa ba ya sa zazzaɓi. Har daga Sakkwato aka aiko wa hakimi yabo. Komawar kwana takwas kuwa na rage ta. Ƙauyuka da yawa, jaki ɗaya. In ma na koma na ce a nuna hannu, akwai tabo, layi uku dogaye. Tabon yanka ne, ba na lamba ba. Kada wani ya ce ban san bambancin ba. Na sani. Ina dai kallonsa ne da gefen ido in wuce, don ana yabona.

Muguwar shekarar ta zo da bazara. Agana ta shiga Gidan Katta, aka ce wasu fatake ne suka kwana da marar lafiya. Cikin 'yan makonni aka kafa bukkokin zana a bayan gari ana kai masu ita. Ni kuwa shekara biyu kafin nan na yi wa Gidan Katta lamba gida gida. Masu shaidata a hannu su ne suke kwanciya. Magana ta tashi. Wasu suka ce Arzika yana kai ruwan gaskiya ƙetaren iyaka yana sayarwa, mu kuma yana yi mana da man shanu. Wasu suka ce ciwon ma shi ya shuka. Dogarin hakimi, wanda nake yi wa aski kyauta, ya daina amsa gaisuwata. Sai ga takarda: likita yana zuwa ya bincika, wanda aka samu da laifi za a kore shi a kai shi gaban alƙali. Mai lamba a ƙasar nan kuwa ni kaɗai ne. Ba sai an gaya mini sunan da za a samu ba.

Bature muke jira. Sai mota ta sauke baƙin mutum kamarmu, dogo, siriri, mutumin kudu, da gajeren wando da littafi a hammata. Ba mu taɓa ganin baƙin likita ba. Hausarsa ta Kano ce, irin wadda ake koya a kanti. Na dube shi na ce, shi ke nan, Turawa ba sa so su ɓata hannunsu, sun aiko wanda zai yanka musu. Kuma irin waɗannan ba sa rasa ƙane a gida mai neman aiki.

Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Kai ne Malam Arzika? Ina tulun?"

Ya zura ma'aunin zafi a ciki. Kwana biyu yana bina a ƙafa bayan jaki, duk rijiyar da na jiƙa buhu sai ya ciro ma'aunin ya duba ya rubuta. Ba ya cewa ya yi kyau, ba ya cewa bai yi ba. Sannan ya ɗebi ruwan da ke cikin tuluna, ya sami wasu baƙi a kasuwa da ba a taɓa yi musu ba, ya yi musu da hannunsa, ya sa maigidan da suka sauka wurinsa ya riƙe su kwana takwas. Duk ta kama. Ya ce mini, "Ruwanka yana da rai." Maganar sayarwa ta mutu ke nan. Amma ban ji daɗi ba, don in ba ruwa ba ne, saura mutane da hannuna. Ya bi maganar lemun tsami, yana tambayar mata ta bakin matar maigari. Ya samu masu yi, amma ba su kai su cika bukkokin bayan gari ba.

Ranar da muka shiga gidan Inna Tumba a Gidan Katta, ranar aka gama da ni. Tsohuwa ce mai baki, ta ƙi yarda a kai jikarta bukka, ta ce duk wanda ya isa ya zo ya ɗauka. Jikar, Kulu, 'yar shekara shida, tana kwance ba a gane fuskarta. Yayarta Sa'a tana zaune a tabarmar tana kore mata ƙuda, tare suke kwana, ƙwarya ɗaya suke sha, amma ko ƙurji ɗaya babu a jikinta. Likita ya durƙusa ya kama hannun Sa'a. Tabo zagayayye.

"Inna, wa ya yi wannan?"

"Labbo makaho, Allah shi sawwaƙa. Ko jini bai hiddo ba. Hannun yak kumbura, yarinya tay yi ta zazzaɓi. Aikin banza."

Ya ɗaga hannun Kulu a hankali. Ta tsakanin ƙurajen ana ganin layi uku.

"Wannan fa?"

"Wanga na Arzika na. Shi ad da aiki. Ni nic ce mashi shi ƙara, yaƙ ƙara, jini har ga zanena. Kwana ukku ya warke, ko zazzaɓi babu. Kai Nasaran baƙi, in laihi kaka nema, tahi wurin Labbo, ka ƙyale ɗan mutane."

Kare ni take yi. Da za ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Likita bai dube ni ba, ya yi rubutu mai tsawo.

Washegari ya sa maigari ya tara mutane a gindin tsamiya. Ya bi su ɗaya ɗaya yana ɗaga hannun riga. Mai zagayayyen tabo ya koma dama, mai layi ya koma hagu. Sannan ya ce duk wanda ya kwanta da agana ya warke, ya ɗaga hannu. Ba sai na faɗi ɓangaren da hannuwa suka tashi ba. Mutanen ba su gane abin da ake nema ba, suna ta gunaguni an hana su aiki. Ni na gane.

Da la'asar ya kira ni barandar gidan baƙi, ya ce in zo da akwatina. Ya naɗe hannun rigarsa ya ce, "Yi mini lamba."

Na tsaya da allura a hannu. In na yanka shi yadda nake yanka mutane, na nuna kaina. In na yi yadda Malam Labbo ya koya mini, wataƙila ya ce laifin na wani wuri ne. Na wanke, na jira ya bushe, na ɗiga, na karta sau uku. Ko Malam Labbo bai taɓa yin mai kyanta ba. Fata ta yi ja, ba ɗigon jini.

Ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce, "Ashe ka iya."

A nan na san na faɗa ramin da kaina. Da na yanka shi, da jahili ne ni, a sake koya mini. Yanzu na nuna masa na sani na ƙi.

"To me ya sa, Malam Arzika?"

"Likita, in niy yi haka ba mai tsayawa. Susa suka ce mata."

"In ka yi wancan kuma, jinin yana wanke ruwan ya sauko da shi ƙasa. Shekarun nan duk ƙasar gindin bishiya kake yi wa lamba."

Wannan ne karo na farko da wani ya gaya mini dalili. Raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana. Na ce, "To wa yat taɓa hwaɗa mani? Labbo bai sani ba. Baturen da yak koya mashi bai ga ya isa a gaya mashi ba. Haka anka ce, haka anka ce, shi ke nan. Ni gidanmu an gaya mani abin da jini ka yi. Ku mi kunka gaya mani?"

Ya buɗe littafin ya rubuta.

Na ce, "Rubuta, ai abin da kaz zo yi ke nan. Yaushe ƙanen naka za shi iso?"

"Wane ƙanena?"

"Wanda za a ba jakina."

Ya yi dariya, ita ce ta farko da na gani a bakinsa. Ya ce, "Ƙanena in ya ga jakin nan gudu zai yi." Sannan ya rufe littafin. "Takardar Sakkwato ba zan rubuta ba sai na gama da garuruwan nan. Duk mai layi a hannu sai an sake masa. Kai ka san su, ni ban san su ba. Yaya za a yi su tsaya?"

Na ɗauka tarko ne na biyu, ya sa ni in yi masa aikin sannan ya miƙa ni. Amma ba ni da wata hanya. Na ce a raba aikin biyu. Lamba a hannun hagu, karce kawai. Wanda ya ce sai ya ga jini, in yi masa 'yar tsagar wanzamai a kafaɗar dama, nesa da lambar.

Ya ɓata fuska. "Ni likita ne. Ba zan yanki mai lafiya don ya ji daɗi ba."

"Ba kai za ka yanka ba. Ni ɗan wanzam na tun kahin in zan ɗan lamba."

Ya tashi ya yi ta kai da komo a barandar. Daga ƙarshe ya yarda, da sharaɗi uku. Askar a dafa ta bayan kowane mutum. Ban da yara. Kuma ba za a yi wa kowa ƙarya ba, sai an gaya musu wacce ce maganin, wacce ce ta ganin ido. Na ce wannan na ukun zai ɓata komai. Ya ce to ya ɓata.

Shi da kansa ya tsaya gaban mutanen Gidan Katta, da Hausarsa ta kanti, ya kama hannun Sa'a ya nuna musu tabon, ya ce ga abin da ya tsare ta. Ya ce jini yana kore maganin. Bai ce Arzika ya yi kuskure ba. Cewa ya yi, "An yi muku mai jini, ba ta kama ba." Na ji idanu a bayan wuyana. Ina jiran wanda zai fara jifa. Sai Inna Tumba ta ratso maza da sandarta, ta tsaya gabana. Ta daɗe tana kallona.

"Ashe susar ita am magani?"

Na ce, "Ita ta, Inna."

"Kuma ka sani?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ni nic ce ka ƙara." Ta miƙo hannun hagu. "Yi mani susar. Tsagakka kau riƙe abinka."

Bayanta mata suka biyo. Maza da yawa sai da aka yi musu tsagar, Nomau na Lafani har ya ce tasa a yi biyu. Mun yi Gidan Katta, mun yi Lafani, mun yi Araba. Likita ne mai wanke hannuwa da sabulu, ni mai allura, kuma duk wanda na yi wa sai ya sunkuya ya duba. Ba ko ɗaya da ya bari ya wuce bai gani ba, don haka kada ku ɗauka ya yarda da ni. Ran kwana takwas muka koma gida gida. Hannuwa sun kumbura, mutane suna kwance da zazzaɓi suna tsine mana, shi kuwa yana murna kamar an yi masa haihuwa. Kafin ruwan farko aka daina kai sababbi bayan gari. Waɗanda suka mutu sun mutu. Na san gidajensu, ba zan jera su a nan ba. Kulu ta tashi, da zanzana, ido ɗaya ya tafi.

Ya hau mota ya tafi bai gaya mini abin da zai rubuta ba. Na yi wata biyu duk dogarin da ya nufo ƙofata sai in miƙe tsaye. Da takardar ta zo, cewa aka yi a tara masu lamba na lardin Sakkwato duka a sake koya musu, a gaya musu dalilin kowane abu, kuma komawar kwana takwas ta zama dole. Ba sunan kowa. Ba a kore ni ba, ba a kai ni gaban alƙali ba. Amma kuma daga ranar ba a ƙara ɗaga ni ko taki ɗaya ba, waɗanda na koya wa riƙon allura sun zama shugabannina. Na tambayi magatakardan hakimi ko akwai wata takarda ta biyu da ban gani ba. Ya rantse babu. Ban yarda da shi ba.

Labarin Dogon Likita daga nan sai a bakin mutane. An ce ya tafi ƙasar Turawa ƙarin karatu. An ce ya dawo yana bin sanƙarau gari gari da littafin nan nasa. An ce yana koyar da likitoci. Yanzu ga shi shugaban jami'a. Bai taɓa aiko mini da gaisuwa ba, ni ma ban aika ba.

Bara wani ɗalibin likita daga makarantar da yake koyarwa ya zo ɗakin shan maganinmu na wata guda. Muna hira ya ce maigidansu yana da labari ɗaya da yake ba kowane sabon aji, na wani mai lamba a bakin iyaka da yake yanka mutane don su yarda da shi. Wai yakan ce musu kada su ƙirga hannun da suka taɓa, su koma su ga wanda ya kama, kuma kada su ba ma'aikaci doka ba dalili. Wai yakan ce mutumin ne ya koya masa haka.

Na ce, "Ya hwaɗi sunan mutumin?"

"A'a, bai taɓa faɗa ba."

Na ce to. Har yau ban sani ba ko rufa mini asiri yake yi, ko kuwa labarin ya fi masa daɗi ba mai shi. Wataƙila duka biyun. Abin da na sani, da ya faɗi sunana a wancan lokacin, da ba a Illela nake zaune ina cin goro ba.

Ku masu bindiga, na tambayi mai agogon nan kafin su tashi ko za su dawo ran kwana takwas. Ya ce, "Baba, gobe ma muna wani gari." Wataƙila bindigarku ba ta kuskure. Ni ma an yi shekaru ana cewa hannuna ba ya kuskure.

Kulu tana nan, ta yi aure a Illela, tana sayar da ƙuli-ƙuli a bakin tasha. Layina uku suna nan a dantsenta. Da ta haifi ɗanta na fari, akwai masu lamba biyu a gari ban da ni, amma wurina ta kawo shi. Ta zauna a benci, ta kwance goyo, ta juyo da kanta don ta gan ni da idon da ya rage. Na wanke hannun yaron, na ɗiga ruwan. Da na ɗauki allura sai ta riƙe mini wuyan hannu, daidai inda Malam Labbo ya taɓa riƙewa.

Ta ce, "Baba Arzika, sannu sannu. Ban da jini."

Na karta sau uku. Ran kwana takwas ban jira ta kawo shi ba, ni na je.